Kama da Wane Ba Ta Wane: A Riƙa Ɗaure Saƙo da Ubansa

Akwai wani Alhaji da ke kawo mini aikin ɗab'i tun lokacin da inji ɗaya ne tal a shagona na Samaru, a Zariya. Dattijo ne mai sauƙin kai, ba ya ja-in-ja a kan farashi, ba ya kuma riƙe kuɗin aiki. Sai dai yana da wata al'ada. Duk imel ɗin da zai turo, abin da yake rubutawa a gurbin kan magana kalma ɗaya ce: "Salam". Rasit ɗin kantinsa na Sabon Gari, Salam. Kalandar ƙungiyarsu, Salam. Da auren 'yarsa ya tashi, katin gayyata ma Salam.

A wancan makon saƙo huɗu ya turo. Na farko bayanin katin ne, da sunayen iyalai biyu, da wurin ɗaurin aure a cikin birni, ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya na safe. Na biyu hoton tambarin kanti ne. Na uku layi biyu ne kacal, yana cewa an dawo da ɗaurin auren ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na huɗu kuma gyaran lambar waya ne a jikin rasit. Babu ɗaya a cikinsu da yake amsa ga ɗan'uwansa, kowanne sabo ne fil ya buɗe ya rubuta. Amma manhajar da nake karanta imel da ita a lokacin ta ga mutum ɗaya da kan magana ɗaya, sai ta tattara su ta yi musu ɗauri ɗaya. A akwatina layi guda ya bayyana, da 'yar lamba a gefensa. Da na buɗe sai ta shimfiɗa mini na ƙarshe, ta naɗe na tsakiya kamar tabarma. Na gyara lambar wayar, na ci gaba da harkata, na buga kati ɗari huɗu da ranar Asabar.

Ranar da ya zo karɓa ya ɗaga ɗaya ya kai kusa da fuska, ya yi shiru na ɗan lokaci.

"Malam, ai na turo maka an canza rana."

"Ranka ya daɗe, wallahi ban gani ba."

Yaron shagona ne ya matso ya taɓa wani siririn layi a tsakiyar allon, sai ga saƙon ya warware. Kwanansa biyar a nan. Takarda da tawada da man janareta na wuni guda duk ni na ɗauka, kuma ban yi gardama ba, domin wanda ya karɓi aiki shi ke da alhakin karanta abin da aka turo masa. To amma tun daga ranar nake tauna wata tambaya: da wace hujja na'ura ta yanke cewa maganar rasit da maganar aure magana ɗaya ce? Hujjarta ita ce sunansu ɗaya. A garin da idan ka tsaya a Ƙofar Doka ka ƙwala kiran Muhammadu mutum goma za su waiwayo, wannan ba hujja ba ce. Abin da nake gani shi ne, manhaja ta riƙa ɗaure saƙo da saƙon da ya haife shi. Idan ba ta san ubansa ba, ta bar shi ya tsaya shi kaɗai.

Kuma sanin uban ba abu ne mai wuya ba, domin a rubuce yake. Kowane imel yana da goshi da ba a nuna wa mai karatu, sai wanda ya nemi a buɗe masa asalin saƙon. Idan ka buɗe za ka ga wasu layuka da yawa, uku daga ciki su ne abin da ya dame mu a nan. Akwai wanda aka rubuta wa Message-ID, lamba ce ta musamman da ake yanka wa saƙo lokacin da aka haife shi, wasu haruffa da alƙaluma barkatai, da alamar nan ta adireshin imel a tsakiya, an tsara ta yadda babu wani saƙo a duniya da zai zo da irinta. Akwai In-Reply-To, inda amsa ke rubuta lambar saƙon da take amsawa, wato sunan uba. Sannan akwai References, wanda ni nake kira layin nasaba, domin a nan ake jero lambar uba da kaka da kakan kaka har zuwa saƙon da ya buɗe maganar. Ƙa'idar gina shi mai sauƙi ce: in za ka yi amsa, ka kwafo nasabar ubanka, ka ƙara lambar uban a ƙarshe. Waɗannan layuka suna cikin takardar ƙa'idar imel mai lamba RFC 822 da David Crocker ya fitar a 1982, kuma suna nan daram a RFC 5322 ta 2008 da ake aiki da ita yanzu. Sun girmi yawancin ɗaliban da ke shigowa shagona buga furojet.

Da na fara fahimtar wannan, mahaifina ne ya faɗo mini a rai. Akawu ne a wani ofishi a Tudun Wada, kuma ina yaro nakan kai masa abinci in tarar da shi a bayan tulin fayil. Kowace wasiƙa da za ta fita sai an ba ta lamba a sama. Kowace amsa da za ta shigo da lambar take farawa: dangane da wasiƙarku mai lamba kaza, ta ranar kaza. Shi kuma sai ya huda kusurwar takardar, ya zura mata koriyar igiyar nan mai ƙarfe a bakinta biyu, ya ɗaure ta a bayan uwarta. Wasiƙu nawa ne ke zuwa da kan magana iri ɗaya, neman hutu, neman ƙarin girma, neman canjin wurin aiki? Da da kan magana yake ɗaurewa, da ya haɗa hutun masinja da na darakta a igiya ɗaya, kuma da bai kai ga fansho a kujerar ba. Abin da akawu mai biro da kwalbar tawada ya kiyaye, ban ga dalilin da za a yafe wa kwamfuta ba.

Waɗanda suka fi shan wahalar wannan matsala tun farko ba masu imel ba ne, masu Usenet ne. Wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Duke da ke Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, su suka ƙirƙiro ta a 1979, ta fara aiki a 1980. Zauruka ne na muhawara, kowane fanni da zaurensa, kuma babu wata uwar kwamfuta guda da ke riƙe da komai. Wannan kwamfuta ta kira waccan ta layin tarho, galibi da dare lokacin da kira ya fi araha, su yi musayar abin da kowacce ta samu, ita ma ta miƙa wa ta gaba. Saboda haka amsa kan riga tambaya isowa. Wani saƙon ya ɓata a hanya, wani kuma an share shi don wuri ya cika. Mutum ɗari suna magana a zaure ɗaya, maganar ta rabu gida biyar, ga giɓi ko'ina. Shi ya sa sunan uba kaɗai bai ishe su ba. In uban ya ɓata, da me za ka gane jika na wannan gida ne? Sai da cikakkiyar nasaba. Har manhajar karatu aka yi mai suna trn, wadda ke zana wa mai karatu 'yar bishiya a kusurwar allo, ya ga reshen da yake kai da rassan da ya bari.

A tsakiyar shekarun 1990 wani mai rubuta manhaja a kamfanin Netscape, Jamie Zawinski, ya tsara wata dabara da aka yi amfani da ita a ɓangaren wasiƙu da labarai na manhajarsu ta shiga intanet, Netscape 2.0 da 3.0, daga baya ya rubuta bayaninta kowa ya gani. Har yau duk mai son yin wannan aiki da gaske yakan bi ta kanta. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne yadda take yi da saƙon da babu shi. Idan nasabar wani saƙo ta ambaci lambar da ba ta cikin akwati, dabarar takan ware wa wannan lamba gurbi, ta bar shi fanko, ta rataya 'ya'yansa a ƙarƙashinsa. Amsoshi biyu da ubansu ya ɓata sai su ci gaba da zama 'yan'uwa, ba a raba su ba, ba a kuma liƙa wa ɗayansu zama uban ɗayan ba. Tana kuma tsare kanta daga nasabar da ta murɗe, kada saƙo ya wayi gari shi ne kakan kansa. Sai an gama wannan duka, a matakin ƙarshe, ake duba kan magana, shi ma a kan saƙonnin da suka rage ba su da kowa a sama.

Duk wanda ya zauna a zauren malami a cikin birnin Zazzau ya ji ana karanta Hadisi ya san wannan tarbiyya, ko da yake ba ina haɗa darajar abubuwan biyu ba ne. Wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane. Idan an rasa mutum ɗaya a tsakiya, malamai ba su cike gurbin da wanda sunansa ya yi kama. Sukan ce isnadin ya yanke, su ba shi sunansa, kowa ya san matsayinsa. Giɓin da aka nuna maka ilimi ne, domin ka san akwai abin da za ka nema. Wanda aka shafe aka yi masa fenti shi ne ke kai mutum ya baro.

A 2008 aka shigar da dabarar Zawinski cikin ƙa'ida, a takardar RFC 5256 ta Mark Crispin da Kenneth Murchison, wadda ta bayyana yadda uwar garken imel za ta iya jera saƙonni ta ɗaure su. Hanya biyu ta kawo. Ɗaya ta nasaba ce. Ɗayar kuwa a tara duk masu kan magana ɗaya a jera su bisa lokaci, kuma takardar da kanta ta ce ana kiran wannan ɗaurin talaka. Sunan ya ba ni dariya da na fara ganinsa, daga baya kuma ya daina ba ni, domin a wajenmu ɗaurin ya fi ciwo. Wanda ya tashi a ofishin da ake koya wa sabon ma'aikaci yadda ake rubuta kan magana, dabarar za ta yi masa daidai sau da yawa. Mu kuwa ga yadda akwatina yake a lokacin da ɗalibai ke rububin kammalawa: "Salam", "Assalamu alaikum", "Aiki", "Project", "Chapter", "Urgent", da tulin waɗanda ba a rubuta komai ba. Mutumin da aka yi wa tarbiyyar fara magana da sallama, in ya ga fili na farko a sama, sallama zai sa. Ban ga laifinsa ba. Manhajar da ke ɗaukar sallama a matsayin shaidar cewa magana ɗaya ake yi, ba ta san mutanen da take yi wa aiki ba.

Ga kuma rikicin "Re:", wanda manhaja ke liƙawa a gaban kan magana in ka danna amsa. Ƙa'ida ta ce daga Latin aka ɗauko shi, ma'anarsa "game da", kuma sau ɗaya ya kamata ya fito. Sai wasu manhajoji suka ɗauka kalmar Turanci ce, suka shiga fassara ta. Ta Bajamushe ta sa AW, ta mutumin Suwidin ta sa SV, ta Balarabe ta sa nata da haruffan Larabci. Wanda ke hulɗa da masu sayar da kayan inji a ƙasashen waje ya san yadda kan magana ke tsawo kamar jelar raƙumi bayan an yi kai-komo sau huɗu, kowace manhaja ta ɗora nata a kan na wata. Mai ɗaurewa da suna dole ya haddace duk waɗannan ya riƙa ɓare su, kuma ranar da ya gamu da wanda bai sani ba, magana ɗaya ta tsinke biyu. Lambar saƙo ba ta da yare.

Yanzu bari in faɗi abin da mai ja da ni zai faɗa, don ya fi ƙarfin a kau da kai. Mu ma muna ɓata nasabar da hannunmu. Mutane da yawa ba su ajiye adireshi. In suna son turo maka sabon aiki sai su gangara su nemo wani tsohon saƙonka na bara, su danna amsa, su rubuta abin da ba shi da alaƙa da shi ko kusa. Akwai wata Hajiya mai makarantar Islamiyya da ke turo mini takardun jarrabawa kowane zango, kuma har yau a ƙarƙashin saƙon barka da Sallah da na tura mata shekarun baya take turowa. A idon na'ura duk jarrabawar nan jikokin barka da Sallah ne. Nasabar ta inganta a rubuce, a ma'ana kuwa ƙarya ce. Akwai kuma akasin haka, mutumin da za ka tambaye shi abu, maimakon ya danna amsa sai ya buɗe sabon saƙo ya amsa maka, ya zo ba uba ba kaka. Sannan akwai na'urorin da ke tura saƙo da kansu, da wasu tsofaffin manhajoji, waɗanda ba su damu da rubuta layin nasaba ba sam. Mai ja da ni zai ce, to ka gani, in aka bi taka, rabin amsoshi za su watse kamar an zubar da gero.

Gaskiya ne za a samu watsewa. Amma a auna kuskuren biyu a ga wanne ya fi tsada. Idan manhaja ta raba abin da ya kamata ta haɗa, zan ga layi biyu a akwatina maimakon ɗaya. Na ɗan ji haushi, na karanta duka biyun, shi ke nan. Idan ta haɗa abin da ya kamata ta raba, saƙo ya shige cikin cikin wani ya ɓuya, kuma ba ni da hanyar sanin akwai abin da ban gani ba. Kuskuren farko a fili yake, na biyu kuwa sai ranar da mai kati ya ɗaga kati. Ka sa ɗalibar da ke jiran gyaran babi na uku daga malaminta a wannan hali, ko matashin da ke jiran ranar intabiyu daga wurin da ya tura takardun neman aiki sau uku da kan magana ɗaya, ko ɗan kasuwar da aka canza wa lambar asusun da zai tura kuɗi. Yanzu da makarantu da bankuna da ofisoshi suka mayar da imel shaida, har ana buga shi a kai gaban kwamiti ko gaban alƙali, tambayar wa ya amsa wa wa, kuma yaushe, ta wuce maganar kwalliyar allo.

Game da irin su Hajiya, maganin yana hannun manhaja in ta so. Idan mutum ya danna amsa a kan saƙon da ya shekara, ya goge kan maganar ya sa wani, ko ya rubuta abin da bai ɗauko komai daga tsohon ba, me zai hana ta tambaye shi: sabuwar magana ce? In ya ce e, ta yanke nasabar tun daga can. A ɓangaren mai karɓa kuma a ba ni almakashi da allura. In iya cire saƙo daga ɗaurin da ba nasa ba, in iya ɗinke wanda ya zo a maraya da gidansu, kuma manhajar ta tuna da abin da na yi. Masu amfani da Mutt, wata tsohuwar manhaja da ba ta da hoto ko ɗaya sai rubutu, suna da wannan dama, suna kuma iya umartar ta da kada ta duba kan magana ko kaɗan. Abin mamaki ne a ce abin da ke cikin manhajar da sai gwanaye ke taɓawa ya gagari waɗanda ke cikin wayar kowa.

Ban ce a jefar da kan magana gaba ɗaya ba. Saƙon da ya zo da "Re:" a gaba, daga mutumin da na rubuta wa jiya, da kan maganar da ni na rubuta da hannuna, ko ba nasaba akwai dalilin zaton amsa ce. A kawo shi kusa. Amma zato a nuna shi a matsayin zato, ko da ɗigo-ɗigon layi ne ko wani launi, yadda zan san wannan na'ura ce ta yi kirdado. Kuma kada a taɓa naɗe saƙon da ban buɗe ba, ko da hujja ko babu. Saƙonnin banki masu sanar da shigar kuɗi da fitarsu, na yarda, mutane da yawa sun fi son a tara musu su wuri ɗaya. To a tara, amma a kira abin da sunansa, tari ne kamar na rasit a cikin leda. Ba hira ba ce, domin babu wanda ya amsa wa wani.

Manyan kamfanonin ma ba a wuri ɗaya suka tsaya ba. Gmail ya fito ranar 1 ga Afrilu 2004 da tsarin tattara saƙonni a matsayin hira, kuma shi ya sa miliyoyin mutane suka saba da abin. Sai a 2010 aka ba mutane damar kashe shi, saboda akwai waɗanda ba su taɓa son sa ba. A tsarinsa, in kan magana ya canza ko saƙonni suka haura 100, hira takan rabu. A 2019 Google ya ƙara sharaɗi cewa in saƙo yana da layin nasaba, sai layin ya nuna alaƙa da na baya kafin a ɗaure su, wato ya matso kusa da abin da nake faɗa. Microsoft kuwa ya daɗe da nasa layukan a Outlook, manhajarsa ta imel, irin su Thread-Index, bayan waɗanda kowa ya sani. Ni a ganina duk wanda zai ƙara nasa ya ƙara, muddin bai yi sakaci da na gama-gari ba, domin imel ba gidan kowa ba ne. Wanda ke Gmail yana rubuta wa wanda ke Yahoo, shi kuma yana tura wa mai adireshin ofis, kuma igiyar da ta ratsa su duka ita ce waɗancan layuka uku.

Saura yadda za a nuna ɗaurin, a miƙe ko a bishiya. A nan na sassauta. Tsakanin mutum biyu jeri bisa lokaci ya wadatar, ni na ce, kai ka ce. Amma na taɓa zama sakataren kwamitin wata walima ta tsofaffin ɗalibai, mu goma sha biyu. Ma'aji ya kawo maganar kuɗin zaure, wani ya kawo maganar a ɗage rana saboda azumi, sai na uku ya rubuto "Na amince". Da me ya amince? A jere yake a ƙarƙashin maganar ɗage rana, alhali ma'aji yake amsa wa. Sai da muka yi kwana biyu ana cacar baki kafin aka kamo bakin zaren. Bishiya ce maganin wannan, sai dai bishiya mai rassa goma ba ta shiga allon waya, kuma yawancinmu a waya muke karatu, a kan Keke Napep tsakanin Kwangila da PZ. WhatsApp ya samo wata tsaka-tsakiya tun 2016: a bar saƙonni a jere, amma kowace amsa ta ɗauko guntun abin da take amsawa ta ɗora a kanta, in ka taɓa ta kai ka can. Kakata ma ta gane wannan ba tare da an koya mata ba. Manhajar imel tana da bayanin da za ta yi haka a cikin goshin kowane saƙo, ba ta dai nunawa ne.

Ina da magana da matasanmu masu rubuta manhaja, waɗanda ke fitowa daga Jami'ar Ahmadu Bello da sauran makarantun garin nan suna gina wa makarantu da asibitoci da ƙungiyoyi shafukan da ke tura saƙo da kansu. Ku ne za ku yanke yadda saƙonnin nan za su sauka a akwatin mutane. In saƙon ci gaban wata magana ne, kamar amsar ƙorafin da mutum ya shigar, ku ajiye lambar saƙon farko ku sa ta a layin uba da na nasaba, layi biyu ne a cikin aikinku. In kuma sabon abu ne, ku ba shi kan magana da ya bambanta shi, da suna ko lamba ko kwanan wata. Kada uba mai 'ya'ya uku a makaranta ɗaya ya samu saƙo uku duk an rubuta "Sakamako", ya buɗe ɗaya ya ɗauka ya gama.

Shi kuwa Alhaji, na yi ƙoƙarin in nuna masa. Bayan an sha biki ya dawo da aikin kalanda, na ce, "Ranka ya daɗe, in za ka turo, a nan sama ka riƙa sa sunan aikin, sallamar ka sa ta a ciki." Ya gyaɗa kai ya ce in sha Allah. Da yamma saƙo ya shigo. A gurbin kan magana ya rubuta "Salam kalanda". Washegari ya turo gyaran rasit, shi ma "Salam kalanda". A kwamfutar shago dai na kashe tattarawar gaba ɗaya, kowane saƙo da layinsa, kuma yaron shago ne ke bin su ɗaya bayan ɗaya da safe kafin a ta da janareta.